Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Ne Turawa Sun Sake Ƙera Jirgin Ƙasa Mai Kwal?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu buɗe, domin amsarta na da tsawo, kuma mai ita ya roƙa kada a yi masa amsar sama-sama.

Wasiƙar ta fito daga wani dattijo mai sayar da hatsi a Ƙauran Namoda. Ya ce mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, dako ya yi a tashar jirgi zamanin gyaɗa, shi kuwa ya tashi yana jin kukan jirgin kwal tun yana goye. Kwanan baya ɗansa da ke makaranta ya ba shi labari cewa Turawan Ingila sun ƙera sabon jirgi mai cin kwal, irin na da sak. Da ya kai zancen majalisarsu ta bakin kasuwa sai aka yi masa ca, aka ce ai tsoho ne aka shafa wa fenti. Har wani abokinsa dillalin shanu ya ce in zancen ya tabbata, shi ya ɗauki alkawarin ƙwaryar goro. To shi ne yake tambaya: gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya aka yi? Me ya sa mutanen da ke da jirgin lantarki za su koma wa kwal da hayaƙi? Kuma za a iya yin irinsa a ƙasarmu?

To Baba, gaishe ka da wannan wasiƙa. Kafin mu yi nisa, ka gaya wa abokin nan naka ya fara neman goro, domin ɗanka ya faɗi gaskiya. An ƙera, kuma sabo ne fil, tun daga ƙafafu har tukunya. Abin da aka ƙera shi ne kan jirgi, wato injin nan da ke gaba yana jan taragu. Sunansa Tornado, lambarsa 60163. An soma aikinsa a 1994, ya fara motsi da ƙarfin kansa ran 29 ga Yuli, 2008, a garin Darlington da ke arewa maso gabashin Ingila. Rabon da a ƙera babban kan jirgi mai kwal domin manyan layukan dogo na ƙasar tun 1960, lokacin da aka gama wani mai suna Evening Star. Shekara 48 ke nan. Shi kansa garin Darlington ba baƙo ba ne a harkar, don ta nan jirgin George Stephenson ya ratsa ɗauke da jama'a ran 27 ga Satumba, 1825, ranar da ake ƙirga wa a matsayin mafarin sufurin jirgin ƙasa irin wanda muka sani.

Amma 'yan majalisarku ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Ƙarfen ne sabo, fasalin kuwa tsoho ne. Wani injiniya mai suna Arthur Peppercorn shi ya tsara shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne babban injiniya na ƙarshe a kamfanin reluwen da ke riƙe da layin da ya tashi daga Landan ya yi arewa har birnin Edinburgh. A lokacin nan ƙasar ta fito daga yaƙi a galabaice, kwal mai kyau ya yi wuya, fasinja kuma sun yi yawa, har jirgi ɗaya yakan ja tarago 15. Sai ya yi wa injinsa murhu mai faɗi wanda zai ci kwal ko da maras kyau ne, ya ba da wuta. Aka sa wa samfurin suna A1, aka ƙera guda 49 a 1948 da 1949, wasu a Doncaster, wasu a Darlington. Lambobinsu sun tashi daga 60114 zuwa 60162. Ka ga ke nan dalilin da ya sa sabon ya ɗauki 60163. Masu shi sun ce ƙanensu ne, na hamsin a gidan.

To ina sauran 49 ɗin? Babu ko ɗaya. A 1955 hukumar reluwen Ingila ta yanke shawarar komawa ga dizal da lantarki, aka shiga sallamar jiragen kwal da gaggawa kamar ana korar fara daga gona. Tsakanin 1962 da 1966 aka kwashe 'yan A1 kakaf aka sayar wa masu yankan ƙarfe. Injin da aka yi don ya yi shekara arba'in ko hamsin yana aiki, da yawansu shekara 15 kawai suka samu. Na ƙarshe, mai lamba 60145, an yi yunƙurin fansarsa a 1966, abin bai yiwu ba, shi ma aka yanka shi. Zuwa Agustan 1968 jirgin kwal ya bar manyan layukan ƙasar.

Bari in ɗan ratse, don 'yan kasuwa za su ji daɗin wannan. Akwai wani ɗan gwangwan a garin Barry, can yankin Wales, sunansa Dai Woodham. Ya sayi kawunan jirgi kusan 300 don ya yanka, amma sai ya lura tsofaffin taragun kaya sun fi sauƙin yanka, kuɗinsu kuma ya fi saurin dawowa. Sai ya jera kawunan a fili ya ce sai ya waiwayo su. Kafin ya waiwayo, masu sha'awar jirgi suka dinga zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213 daga filinsa, aka gyara da yawa daga cikinsu. Shi lissafin riba ya yi, sai ga shi ya zama sanadin tsirar su. Su kuwa 'yan A1 ba su yi wannan sa'a ba, don hannun waɗansu 'yan gwangwan suka faɗa, masu saurin wuƙa.

A 1990 waɗansu mutane a arewacin Ingila, cikinsu har da injiniyoyi da akantoci da masu harkar kasuwanci, suka ce tun da babu wanda ya rage balle a gyara, to sai a ƙera sabo. Suka kafa ƙungiya mai suna A1 Steam Locomotive Trust, suka ƙaddamar da ita a birnin York cikin Nuwamba na shekarar. Mutane da yawa sun ɗauke su masu mafarki da rana tsaka, kuma ban ga laifin masu faɗin haka ba. Manyan maƙerun da ke wannan aiki sun daina shi tun tuni, waɗanda suka iya aikin sun tsufa ko sun mutu, su kuma ba gwamnati ba ce, ba kamfani ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Ba su tafi neman attajiri ɗaya ya ɗauki nauyi ba. Karo-karo suka yi. Suka ce duk mai so ya yi alkawarin fam ɗaya da kwata a mako, wato fam 5 a wata, daidai kuɗin kofin giya ɗaya a yankinsu a lokacin. Mu a nan sai mu ce kuɗin goro ko na shayin safe. Sharaɗin kawai kada ka fasa, wata ya kama ka zuba, wata ya kama ka zuba, kamar adashi, sai dai wannan adashin babu ranar kwasa. Mai hali kuma aka ce ya zaɓi wani sashe na injin ya biya kuɗinsa, wani ya ɗauki ƙusa, wani ya ɗauki bututu, wani ya ɗauki abin da ya fi haka. Kamfanoni suka taimaka da rangwame, musamman wata masana'antar zubin ƙarfe ta birnin Sheffield mai suna William Cook, wadda ta zuba ƙafafun. Ba sa ba da aikin wani sashe sai sun ga inda kuɗinsa zai fito, shi ya sa abin ya ja lokaci. Tun farko an sa ran gamawa a shekarar 2000, sai da aka ƙara shekara 8 a kai. Jimlar abin da aka kashe ya kai kimanin fam miliyan 3. Ku lissafa da canjin ranar da kuka karanta wannan.

Kuɗi kaɗai ba ya ƙera inji, sai da zane. Sa'ar da aka yi ita ce ba a ƙona takardun masana'antar Doncaster ba, an adana su a gidan tarihin reluwe da ke York. 'Yan sa kai suka duƙufa suna tonowa, suka ɗauki hoton zane sama da 1,000 suka zuba a kwamfuta. Waɗansu sun koɗe, waɗansu sun ɓata sai da aka sake zanawa. Akwai ma inda tsohon zanen bai faɗi awo ba, ya ce kawai a yi abin ya zauna daidai, domin maƙerin wancan zamani ya san abin da ake nufi, ilmin yana hannunsa. Na yanzu kuwa dole a rubuta masa awo har abin da bai kai kaurin gashi ba.

Don ka gane wahalar aikin, Baba, bari in bayyana yadda jirgin kwal yake tafiya, ko da yake ka gan shi da idonka. Ka san in tukunyar dafuwa ta tafasa yadda murfi yake rawa? To ƙarfin nan ne. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da sau 1,600 na inda yake da. In ka kulle shi ka hana shi fita, sai ya zama ƙarfi. Doguwar gangar nan da ka gani kwance a kan jirgi tukunya ce cike da ruwa. A gindinta, wajen da direba yake tsayawa, akwai murhu. Mai wuta yana ɗiban kwal da shebur yana watsawa ciki. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan, ya fita ta gaba. Matsin da ke cikin tukunyar Tornado ya ninka iskar tayar ƙaramar mota wajen sau bakwai ko takwas, kuma saboda matsin nan ruwan ba ya tafasa sai zafinsa ya wuce digiri 200.

Direba in ya buɗe hanya, tururin sai ya shiga silinda ya tura fistin gaba, ya zagayo ya turo shi baya. Fistin yana haɗe da dogon hannun ƙarfe, hannun kuma shi ke juya ƙafa, kamar yadda ƙafar tela ke juya keken ɗinki. Tornado silinda uku gare shi, biyu a waje inda kowa ke gani, ɗaya a ɓoye a tsakiya. Manyan ƙafafunsa shida ne, uku kowane gefe, kowace tsayinta ƙafa 6 da inci 8, wato ta fi dogon mutum. Akwai ƙanana huɗu a gaba masu bi da shi kwana, da biyu a baya masu ɗauke da nauyin murhu.

Sai kuma dabarar da ta fi kowace kyau. Tururin da ya gama aiki ba a zubar da shi haka nan, ana harba shi sama ta bututun hayaƙi. Fitar nan da yake yi da ƙarfi tana zuƙo iska ta ƙarƙashin murhu, wutar ta ƙara ruruwa. Wato jirgin da kansa yake yi wa kansa zuga, kamar maƙerin da zugazuginsa ke aiki ba yaro. Gwargwadon nauyin da yake ja, gwargwadon yadda wutar take ci. Kukan nan na cuku-cuku da ka tashi kana ji, shi ne wannan numfashi.

To mu koma wajen ƙira. A 1994 aka yanka manyan faifan ƙarfe biyu da komai yake zama a kansu, a birnin Leeds. Wadda ta danna maɓallin na'urar yankan ita ce Dorothy Mather, matar marigayi Peppercorn, wanda ya rasu tun 1951. An fara harhaɗawa a Birmingham, a 1997 aka kwaso aikin zuwa wani tsohon gidan ƙera taragu a Darlington. Ƙafafu da silinda zubi aka yi. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwane a kasuwa ya san hanyar: a yi samfuri, a danna shi cikin yashi ya bar gurbi, a narka ƙarfe a zuba. Haka ɗin ne, sai dai nan abin da ake zubawa tan-tan ne. Kowace ƙafa kuma ana sa mata zoben ƙarfe mai tauri a baki. Zoben ana yin sa ya ɗan gaza ƙafar, a gasa shi ya buɗe, a zura ƙafar, in ya huce sai ya damƙe ta ƙam.

Sunan Tornado kuwa an ɗauko shi daga jiragen saman yaƙi na Ingila da suka yi Yaƙin Tekun Fasha a 1991.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne tukunya. Ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi haɗari, domin in ta fashe babu wanda ke kusa da zai ba da labari. Aka duba duk Ingila, ƙasar da ta koya wa duniya wannan sana'a, ba a sami masana'antar da ta cika sharuɗɗan yin tukunya mai wannan girma ba. Sai da aka tafi Jamus, garin Meiningen. Dalili kuwa, garin yana ɓangaren tsohuwar Jamus ta Gabas ne, inda aka ci gaba da aiki da jirgin kwal har 1988, saboda haka masana'antarsu ba ta mutu ba, masu hannu kuma suna nan. Kun ji yadda duniya take, wanda aka yi wa kallon ya makara a baya, shi aka koma nema. Don biyan kuɗin, ƙungiyar ta ci bashin fam 500,000 daga hannun magoya bayanta. Aka ba da aiki a farkon 2005, tukunya ta iso Darlington a Yulin 2006. A Janairun 2008 aka hura mata wutar farko, kuma Dorothy Mather ce ta kunna, tana da shekara sama da 90. Allah ya nufa ta ga ƙaramin 'ya'yan mijinta yana numfashi.

Wani zai ce to sak irin na da ne, ba bambanci? A ido haka ne, amma an canja abubuwa. Tukwanen da ƙusoshi ake ɗinke su da su, murhunsu na jan ƙarfe. Wannan walda aka yi mata, murhun kuma na baƙin ƙarfe. An rage tsayin jirgin da inci ɗaya don ya wuce ƙarƙashin wayoyin lantarki lafiya. An sa masa birki na iska, da rediyo, da na'urar da za ta tsayar da shi in direba ya wuce jar wuta. Sai maganar guzuri. A bayan kan jirgi akwai taragon da ke ɗauke da kwal da ruwa. Da can akwai dogayen kwatamin ruwa a tsakiyar layi, jirgi yana gudu ya sauke baki ya kamfata, ga kuma famfo a tashoshi. Duk an cire waɗannan. Saboda haka aka rage wurin kwal daga tan 9 zuwa tan 7 da rabi, aka ƙara wurin ruwa daga galan 5,000 zuwa 6,200. A lissafin 'yan kasuwa, kwal buhu 75 ke nan, ruwa kuma wajen duro 140. Duk da haka a doguwar tafiya sai motar tanki ta tare shi a hanya ta shayar da shi.

Bayan gwaje-gwaje, ya ɗauki fasinja a babban layi ran 31 ga Janairu, 2009, daga York zuwa Newcastle, jama'a suka cika tashoshi da gadoji suna kallo. A watan Fabrairu Yarima Charles, wanda ya zama sarki a 2022, ya raɗa masa suna a tashar York. A Disambar wannan shekara aka yi abin dariya. Ƙanƙara ta sauka a kudancin Ingila, jiragen lantarki suka tsaya cik, ma'aikata suka rasa yadda za su koma gida daga Landan. Tornado yana da tafiyar 'yan yawon buɗe ido a ranar, akwai sauran kujeru, sai aka kwashi mutum kimanin 100 aka sauke su a tashoshinsu. Shi wuta ce a cikinsa, sanyi bai dame shi ba.

Ran 12 ga Afrilu, 2017, da tsakar dare, aka gwada gudunsa tsakanin Doncaster da Newcastle, ya taka mil 100 a awa, wato kilomita 160. Rabon da jirgin kwal ya yi haka a Ingila tun 1967. A wannan gudu manyan ƙafafun nan suna juyawa sau 7 kafin ka ce ɗaya. Da a nan ne, Kano zuwa Zariya ba zai cika awa ba.

Kada in ba ku zaƙin kaɗai. Tun a 2011 sai da aka mayar da tukunyar Jamus aka yi wa murhunta gyara. A Afrilun 2018 kuma, yana cikin gudu da fasinja wajen wani gari mai suna Sandy, ƙarafan silindar tsakiya suka karye, ya tsaya a hanya, aka yi watanni ana jinya. Aka sake kwance shi don babban gyara a 2022, bai dawo aiki ba sai 2024. Jirgin kwal haka yake, dokin sarki ne, ci da kulawarsa sun fi hawansa yawa.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta uku. Turawa ba su koma wa kwal ba, Baba, kuma ba su da niyya. In ka ƙona kwal buhu goma a irin wannan inji, abin da ya zama ƙarfin ja bai kai na buhu ɗaya ba, sauran ya bi iska. Injin dizal yana cin moriyar kusan kashi ɗaya cikin uku na mansa. Dizal ka murɗa ya tashi. Mai kwal kuwa sai an hura masa wuta sa'o'i da yawa kafin tafiya, in ya yi sanyi sosai ma tun jiya, a hankali don kada ƙarfe ya tsage. A kwashe toka, a wanke tukunya, a bi gaɓoɓi da mai ɗaya bayan ɗaya. Ga hayaƙi. Kwal ɗin ma ya zama abin nema, domin Ingila ta rufe ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a 2015, har ta kai masu irin waɗannan jirage suna sayowa daga ƙasashen waje.

To don me? Don sha'awa da tarihi, kuma sha'awar tana kawo kuɗi. Mutane suna biyan tikiti mai tsada su yini a jirgin da Tornado ke ja, su ci abinci a ciki, kaka ya nuna wa jika abin da ya hau yana yaro. Ka dubi hawan sallah. Ba wanda zai ce don babu mota ake hawa doki, amma dubi masu sirdi da masu linzami da masu ɗinkin kayan doki da suke ci daga ciki, sana'ar kuma ba ta mutu ba. Haka samari suka koyi aikin tukunya da zubi a gindin wannan jirgi. Ganin abin ya yiwu, waɗansu ƙungiyoyi ma suka kammala nasu, biyu daga ciki a 2024. Su kuma masu Tornado tun 2013 suka ƙaddamar da ƙirar wani wanda ya fi shi ƙarfi, samfurin shekarun 1930, da irin wannan karo-karo.

Saura ta ƙarshe, ko za a iya a nan. Jirgin da ka sani ɗan uwan waɗannan ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya iso garinku a 1929, ya kai Nguru a 1930, kwal ɗin Inugu kuma shi ya ja gyaɗa da auduga da fatu da shanu zuwa teku. A 1948, shekarar da aka fara fitar da A1, masana'antun Ingila suka fara turo wa Nijeriya waɗansu kawunan jirgi da aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar. Mai yiwuwa cikin kukan da ka ji har da nasu. Daga 1955 dizal ya fara shigowa, a hankali ya ture su. Shi Tornado ko kyauta aka ba mu ba zai hau tsohon layinmu ba, domin faɗin namu ƙafa 3 da inci 6 ne, nasu ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana cikin masu faɗi irin nasu.

In ra'ayina ka tambaya, mai hatsi da mai shanu ba sabon jirgin kwal suke bukata ba. Bukatarsu jirgin da zai zo a kan lokaci ya ɗauki kaya da rahusa, ko da me yake tafiya. Wanda ya zo muku da zancen tara kuɗi a ƙera na kwal don jigilar masara, ku riƙe aljihunku. Abin da ya fi mana araha shi ne abin da Ingila ta kasa yi a 1966. In akwai tsohon kan jirgi da ya rage yana tsatsa a bayan wata tasha, ko takardun zane a wani tsohon ofis, a hana 'yan gwangwan da gara su kai gare su. Rumfar kwano da mai gadi sun isa. Manomi ya san wannan, irin geron da aka cinye a bazara ba a samunsa a kasuwa ranar shuka, su Turawan nan kuma shekara 18 da fam miliyan 3 suka biya kafin su maido da iri ɗaya. A Legas akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Ebute Metta, cikin wani tsohon gida da ake kira Jaekel House, in Allah ya kai ka can ka leƙa. Kai kanka, Baba, ka zaunar da ɗan nan naka ya rubuta abin da ka gani a tashar Ƙaura, yadda ake loda buhuna, da inda jirgi ke shan ruwa, da nawa ake biyan ɗan dako.

Maganar goro kuwa, ka yanke wannan shafi ka kai majalisa a karanta a gaban kowa. In dillali ya ce sai ya gani da ido, ɗanka ya rubuta Tornado 60163 a wayarsa, hotunan jirgin suna nan a intanet, har da kukansa. Ƙwarya dai goro ɗari ce, a ƙirga a gabanka.

Jama'a, nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.